An karanta sunana a gaban jama'a, ni kuwa ban ci ko kwabo ba

Mama, gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Shekarata tara ina riƙe da kuɗin Zumuntar Mata a ikkilisiyarmu, ba a taɓa neman ko naira ɗaya a hannuna aka rasa ba. Bara da damina, da daddare, shugabar zumuntarmu ta zo gidana hankali a tashe, ta ce ɗan wata gwauruwa daga cikinmu yana kwance a asibiti za a yi masa aiki, in ba ta naira 150,000 daga kuɗin da muke tarawa na sayen kujeru, za ta mayar da kaka. Aminiyata ce. Rana ɗaya aka yi mana baftisma, ita ta kwana da ni a asibiti ranar da na haifi autana. Na ƙirga na ba ta, ban ce ta rubuta ba.

Kaka ta zo ta wuce. Da aka zo binciken kuɗi na ƙarshen shekara na faɗi yadda aka yi, sai ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta tuna da wannan magana ba. Dattawa suka zauna, mijinta kuwa yana cikinsu, aka sa ni ƙarƙashin horo na wata shida, aka karanta sunana ranar Lahadi, 'ya'yana suna zaune suna ji. Maigidana ya sayar da masara da awaki biyu ya biya, ya ce in bar wa Allah.

Horon ya ƙare wata biyu ke nan, amma ƙafata ta kasa taka ƙofar majami'a. In na durƙusa zan yi addu'a, muryar sakatare yana karanta sunana kawai nake ji. Babbar 'yata ta daina zuwa koyon waƙa. Fastonmu ya zo sau ɗaya, ya karanta mini ayar gafara bakwai sau saba'in, ya tafi. Wata maƙwabciyata kuma tana ta jana zuwa wata sabuwar majami'a, wai akwai annabin da zai nuna mini maƙiyana. Mama, bangaskiyata ce ta mutu? In bar ikkilisiyar? Ko ni ce mai zunubi da na kasa yafewa?

'Yarki cikin Ubangiji.

'Yata, sannu. Sannu ƙwarai. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ajiye, na je na gama wanke-wanke, na dawo na sake karantawa, don kada in amsa miki da zafin da na ji a karatun farko. Bakinki kaɗai na ji, ban ji na shugabarku ba, ban ji na dattawa ba, saboda haka duk abin da zan faɗa yana rataye ne a kan cewa yadda kika faɗa haka aka yi. Sai dai na daɗe a Zumuntar Mata, na riƙe littafin rubutu shekaru ba kaɗan ba, irin wannan labari kuwa ba baƙo ba ne a kunnena.

Bari in fara da abin da ya fi hana ki barci. Bangaskiyarki ba ta mutu ba. Gawa ba ta jin zafin allura. Macen da bangaskiyarta ta mutu ba ta zama ta rubuta wasiƙa tana tambaya ko ta yi wa Allah laifi. Ɗaura ɗankwalinta take yi ta kama harkar gabanta, Lahadi ta zama mata ranar wanki. Ke rauni aka ji miki, kuma a wurin da kika saba zuwa neman magani aka ji miki shi, shi ya sa kika rasa inda za ki kai kukanki.

Buɗe Zabura 55, ki karanta daga aya 12 zuwa 14. Dauda yana cewa da maƙiyi ne ya ci masa mutunci da ya jure, da abokin gaba ne da ya san inda zai ɓuya masa, amma ga shi tsaransa ne, amininsa, wanda suke hira mai daɗi tare, suke tafiya ɗakin Allah tare a cikin taro. Kamar yana leƙen wasiƙarki ya rubuta. Allah kuwa bai ji kunyar barin wannan kuka a cikin Littafinsa ba. Ki duba Hannatu ma, a surar farko ta 1 Sama'ila. Ta je Shilo da baƙin cikin rashin haihuwa, tana addu'a a zuciya, leɓunanta suna motsi babu murya, sai Eli firist, wanda ya kamata ya fi kowa gane mai addu'a, ya dube ta ya ce ta bugu. Babban malamin ɗakin Allah ya yi wa mace mai gaskiya mummunar fahimta a cikin ɗakin Allah. Riƙe wannan labari a hannu, zan dawo kansa, don abin da Hannatu ta yi bayan nan shi ne rabin shawarata.

Batun addu'a, kada ki matsa wa kanki sai kin yi irin wadda kike yi da, mai tsawo, mai jera sunayen marasa lafiya. In bakinki ya ƙi buɗewa, ari bakin wani. Ki karanta zabura da murya, a hankali, ko ba ki ji komai ba. Akwai Zabura 88, wadda ban taɓa jin an zaɓe ta a ranar baikon godiya ba, domin daga farkonta har ƙarshenta kuka ne, kuma da duhu ta rufe, babu haleluya ko ɗaya. Ita ma addu'a ce. Ranar da ko karatun ya gagara, ki zauna shiru kawai; Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa. Kuma ina tambayarki a matsayin uwa: kina cin abinci? Kina barci? Yaushe rabonki da awon hawan jini? Lokacin da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna 19, mala'ikan bai fara masa da wa'azi ba. Gurasa da tulun ruwa ya ajiye masa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci. In rashin barci da rashin cin abinci sun ɗauki makonni, ko kika fara jin rayuwar ma ta ishe ki, kada ki ɓoye wa maigidanki, ku je asibiti. Wannan ba ya rage komai daga bangaskiya.

Mu Kiristocin Arewa mun san wahala, amma irin wadda ta zo daga waje muka fi iya ɗauka. A ranar 29 ga Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye hedikwatar EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, a Kwarhi, kusa da Mubi, shugabannin ikkilisiyar suka koma Jos na ɗan lokaci, jama'a suka watsu cikin duwatsu, wasu har Kamaru. A watan Afrilu na 2014 ɗin aka kwashe 'yan matan Chibok 276, akasarinsu 'ya'yan wannan ikkilisiya. Duk da haka sujada ba ta tsaya ba, an yi ta a sansanin gudun hijira, an yi ta a gindin itace. Wutar da ta zo daga waje takan haɗa kan 'yan'uwa, kowa ya ɗauko guga. Wadda ta tashi daga cikin ɗaki ita ce ba mu san yadda za mu yi da ita ba. Ba a yi mata taron addu'a, ba a kawo wa mai ita gudummawa, sai dai a ce "yi haƙuri" a wuce. Ban kawo miki wannan don in ce taki wahalar ƙarama ce ba. Na kawo ne don ki san dalilin da ya sa kika ga kamar ke kaɗai ce: jama'arki sun iya jajen gobara da na rasuwa, ba a koya musu jajen wanda ikkilisiya da kanta ta ɓata wa suna ba. Abin da ya ƙara ba ni haushi a labarinki, kuɗin kujeru ne. Ita EYN ɗin da na ambata, a gindin tsamiya aka yi sujadarta ta farko a Garkida, a watan Maris na 1923, babu kujera ko ɗaya. Yau ga shi a kan kujera an zubar da mutuncin mace, alhali in maganarki haka take, ran yaro aka ceta da kuɗin.

Yanzu ga mai ɗacin, kuma gara ki ji ta daga bakina. Kin yi kuskure. Kuɗin ba naki ba ne, ba na shugaba ba ne, na matan zumunta ne, ba ku da ikon ku biyu ku canza masa hanya da daddare ba tare da sanin sauran shugabanni ba, balle babu ko 'yar takarda. Ajiye irin wannan kuɗi a ɗaki ma kuskure ne. Asusun banki ya kamata ya kasance, wanda sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a cire. Mu mata muna jin nauyin ce wa aminiya "rubuta ki sa hannu", kamar mun zarge ta. Amma dubi Bulus. Da yake tara gudummawa domin matalautan masu bi na Urushalima, bai yarda ya riƙe kuɗin shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi da kansu suka zaɓa, ya kuma faɗi dalili: don kada kowa ya sami abin zargi, domin yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji, a gaban mutane kuma. Tun zamanin sarki Yowash ma, a 2 Sarakuna 12, akwati aka huda wa murfi aka ajiye kusa da bagade, in ya cika kuwa magatakardan sarki da babban firist ne suke zuwa tare su ƙirga. In manzo bai amince wa kansa ya ƙirga kuɗin jama'a shi kaɗai ba, ni da ke su wa? Na faɗa miki wannan ne don ki shiga maganar da ke gabanki da naki laifin a tafin hannu. Wanda ya fara faɗin nasa, ya rufe bakin mai shirin tona masa.

Amma sakaci daban, sata daban. Laifin da kika yi na a kira ki ne a ja miki kunne, a karɓi littafin kuɗi daga hannunki in an ga dama. Hukuncin da aka yanke miki na ɓarauniya ne, haka kuma jama'a suka ji shi. Majalisar dattawan ta yi kuskure biyu da ba su da wuyar gani. Maimaitawar Shari'a 19:15 ta ce ba a tabbatar wa mutum laifi da bakin mutum ɗaya, sai da shaidu biyu ko uku. Su kuwa suka ga maganarki da tata sun yi karo, maimakon su bincika, suka zaɓi ɗaya. Sa'an nan mijin wadda ake ƙara da ita ya zauna a cikin masu yanke hukunci. Ko a gaban mai unguwa ba a yin haka.

To, sai mu zo ga "bar wa Allah". Maigidanki mutumin kirki ne. Namijin da zai buɗe rumbunsa ya kama awakinsa don ya rufa wa matarsa asiri, ki riƙe shi da kyau, ki kuma gode masa da baki, kada ki ɗauka ya sani. Amma a wannan gaɓa ban bi shi duka ba. Ramuwa ita ake bar wa Allah, Romawa 12:19 ta faɗa sarai. Gaskiya kuwa ba a ce a binne ta ba.

Kin san labarin Bulus da Sila a kurkukun Filibi, Ayyukan Manzanni 16. Babu ɗan makarantar Lahadin da bai san aya 25 ba: an yi musu dūka, an sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna addu'a suna waƙa, ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe. Mun yi waƙa a kanta, mun yi wasan kwaikwayo a kanta. Amma sau nawa kika ji an yi wa'azi a kan aya 37? Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sake su su tafi salin alin. Bulus ya ce faufau. Ya ce an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, su kuwa 'yan ƙasar Roma ne, yanzu kuma za a fitar da su a ɓoye? Su zo da kansu su fitar da su. Mahukuntan kuwa suka tsorata, suka zo da ƙafarsu, suka ba su haƙuri. Mutum ɗaya ne ya yi waƙar tsakar dare ya kuma yi wannan magana da safe, Ruhu ɗaya ne a cikinsa. A ganina ba don girman kai ya yi ba. Akwai 'yar ƙaramar ikkilisiya da ta fara taruwa a gidan Lidiya. Da ya sulale ya tafi, da an bar su da sunan mabiyan masu laifi. Ke ma akwai waɗanda sunanki ya rufe: 'yarki da ta daina zuwa waƙa, ƙannenta, da duk matar da za a miƙa wa littafin kuɗi bayanki. Hannatu ma da Eli ya ce ta bugu, ba ta zage shi ba, ba ta kuma tashi ta fita tana kuka ba. Ta ce masa a'a ya shugabana, ni mace ce mai baƙin ciki, kada ka ɗauke ni 'yar banza. Eli ya janye maganarsa ya sa mata albarka. Ladabi da gaskiya suna iya fita daga baki ɗaya.

Na lura fastonku daga Matta 18 ya karanta miki, aya 21 da 22. Ya yi daidai, maganar Ubangiji ce. Da dai ya ɗaga idonsa sama kaɗan a wannan shafin, da ya ga aya 15 zuwa 17, inda Yesu ya shimfiɗa hanyar da za a bi in ɗan'uwa ya yi maka laifi: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ji ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi ka kai wa ikkilisiya. Sura ɗaya ce. Ba a karanta wa wanda aka cuta rabinta a ɓoye wa wanda ya yi cutar ɗaya rabin.

Saboda haka ki fara da ita shugabar. Ki je gidanta lokacin da mijinta ba ya nan, ba da faɗa ba. Ina zargin tsoro ne ya rufe mata baki ranar nan. Wataƙila ba ta taɓa gaya wa mijinta ba, kaka ta zo ba ta samu abin da ta sa rai ba, ranar bincike ta ga idonsa a kanta, ƙarya ta kubce mata, daga nan kuma kullum ramin yana ƙara zurfi. Wannan bai wanke ta ba, amma zai taimake ki ki san da wa kike magana: mai yiwuwa ita ma wata takwas ke nan ba ta yi barcin kirki ba. Ki ce mata ba kuɗi ya kawo ki ba, sunanki kika zo karɓa. Ki ba ta dama ta je wurin fasto da ƙafarta, ki sa mata lokaci, mako biyu ya isa.

Akwai kuma wadda ba ki yi tunaninta ba a duk wasiƙarki, alhali ita ce mabuɗin maganar: gwauruwar nan. In an yi wa ɗanta aiki bara da damina, ta san wanda ya kawo mata kuɗi, ta san nawa ne, watakila ma takardun asibiti suna nan a ƙasan akwatinta da kwanan wata a jiki. Mai yiwuwa har yau tana sa wa shugaba albarka, tana tsammani daga aljihunta ta ba ta, ba ta san kuɗin da aka kira sunanki a kansa ba ne. Ki je da wata dattijuwa mai riƙon asiri, wadda kowa yake ganin girmanta, ku tambaye ta a hankali. Ki yi hattara ƙwarai a nan: kada ta ji kamar bashi kuka zo bi, kada kuma ta zama abin nuni a ikkilisiya. Ita ba ta yi laifin komai ba, ɗanta ne ya yi ciwo. In kuwa ta ce ba ta ga ko kwabo ba, to maganar ta fi yadda muke zato nauyi, dalilin kai ta gaba kuma ya ƙaru.

In shugaba ta ƙi, ki rubuta wa fasto da majalisar dattawa takarda, ki ajiye kwafi. Gajera, babu zagi, babu "Allah ya isa". Ki fara da naki kuskuren, ki faɗi rana da adadin kuɗi, ki ambaci shaidarki, ki roƙi a sake zama, mijin shugaba kuma ya fita waje lokacin da ake maganar. In suka yi kunnen uwar shegu, ba a kansu magana ta ƙare ba. Ba ki faɗa mini ɗarikarku ba, amma ko ECWA ce, ko COCIN, ko EYN, ko HEKAN, akwai majalisa a saman ta ikkilisiya guda, wasu suna kiran irin waɗannan majalisu LCC da DCC, wasu RCC, an kuma kafa su ne har da don irin wannan. Kai ƙara can ba tawaye ba ne, tsarin da ikkilisiyar ta rubuta wa kanta ne. Abin da za ki nema ki san shi tun daga gida: a gyara abin da aka rubuta a littafin majalisa, a kuma tsaya a wurin da aka karanta sunanki, a ranar Lahadi, a ce an bincika ba ki ci kuɗi ba. Ba sai an kira sunan kowa an kunyata shi ba. Batun mayar wa maigidanki kuɗinsa hakki ne, amma ku biyu za ku shawarta ko ku bi ko ku yafe. Abin da zan hana ki shi ne WhatsApp da Facebook, da zaman ba da labari a bakin rijiya ko wurin niƙa. Ranar da kika kai maganar can, kin ba su abin da za su bar laifinsu su kama naki. Kotu ma ba da ita ake farawa ba, 1 Korantiyawa 6 ta yi mana kashedi.

Kin tambaya ko ke mai zunubi ce da kika kasa yafewa. Ina ganin an haɗa miki abu uku a ƙulli ɗaya. Yafewa ita ce ki sauke niyyar ramuwa, ki daina fatan sharri ya same ta, har ki kai ga iya ambaton sunanta a addu'a ba tare da haƙoranki sun ciji juna ba. Wannan wajibi ne a kanki, babu makawa, amma ba a rana ɗaya take zuwa ba, kuma takan zo ta koma ta sake zuwa. Ina jin shi ya sa Ubangiji ya ba da lissafi mai yawa haka. Sulhu kuwa sai da mutum biyu. Luka 17:3 ta ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Amana kuma ita ce ta uku, ginawa ake yi, kamar katanga bayan damina. Yusufu ya yi kuka saboda 'yan'uwansa tun ganin farko a Masar, amma bai bayyana musu kansa ba sai da ya gwada su ya ga ko har yanzu mutanen da za su sayar da ƙaninsu ne. Kina iya yafe mata yau, gobe ki kai takardarki gaban dattawa, babu saɓani a ciki.

Annabin maƙwabciyarki kuwa, me zai nuna miki? Kin san wadda ta yi miki, kin san gidanta, kin san sunayen 'ya'yanta. Abin da zai ƙara miki shi ne sababbin maƙiyan da ba ki da su, surukarki ko matar ƙanin mijinki, sa'an nan ya ce ki kawo baiko na musamman. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Barin ikkilisiya ba zan ce miki haramun ne ba. Bulus da Barnaba sun yi saɓani mai zafi a kan Markus har suka rabu, kowa ya kama hanyarsa, aikin Allah bai tsaya ba, daga baya ma Bulus ya aika a kawo masa Markus ɗin don yana da amfani a gare shi. Akwai lokacin da mutum zai koma wata ikkilisiya don ransa ya huta, ba a ce ya bar Yesu ba. Amma ba yanzu ba, ba kuma ta ƙofar baya ba. In kika ɓace yau, kin sa hannu a kan abin da aka karanta. Labari kuwa ya fi ki sauri. Kafin ki zauna a sabon benci ya riga ya isa, ranar da za a zo neman auren 'yarki ma wani zai tuna. Ki bi maganar har inda ƙarfinki ya kai. In bayan haka kika ga zama ba zai yiwu ba, ki nemi takardar shaida, ki yi sallama da rana tsaka, ke da maigidanki tare, ku koma inda ake koyar da Maganar Allah tsakani da Allah.

Ba zan ɓoye miki ba, yana yiwuwa ki yi duk wannan su ƙi. Na taɓa ganin majalisar da ta gane ta yi kuskure sarai, amma girman kai ya hana ta furtawa, aka yi ta jan ƙafa har aka yi wa faston canjin wurin aiki, maganar ta bi ruwa. In haka ta faru da ke, ki karanta 2 Timoti 4:16 da 17, inda tsoho Bulus yake cewa ranar da ya fara kāre kansa a gaban shari'a babu wanda ya tsaya masa, duka suka yashe shi, ya roƙa kada a lasafta musu, sa'an nan ya ce amma Ubangiji ya tsaya tare da shi. Ki karanta Yahaya 9 kuma, labarin wanda aka haifa makaho: da shugabanni suka kore shi daga majami'a saboda ya ƙi canza maganarsa, aya 35 ta ce Yesu ya ji an kore shi, ya neme shi har ya same shi. A waje ya same shi.

Wannan Lahadin mai zuwa ki gwada zuwa. Kada ki tafi ke kaɗai, ku shiga tare da maigidanki, ko dattijuwar nan ta biyo miki. Ba dole ki ɗaura zanen zumunta ba, ba dole ki tashi rawa lokacin baiko ba, in an tashi kuma ba dole ki tsaya gaisawa da kowa ba. In kika kai bakin ƙofa ƙafa ta ƙi, ki koma gida, ki sake gwadawa wani makon. Horonki ya ƙare, Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon nan da masu bi suke ɗauka tare, naki ne kamar na kowa, teburin kuwa ba na dattawa ba ne.

Kafin Lahadin, ki kira babbar 'yarki ɗaki ku biyu. Yarinyar nan kunya take ɗauke da ita a madadinki, kuma ina tabbatar miki akwai wanda ya jefa mata magana a wurin koyon waƙa ba ta gaya miki ba. Ki ba ta labarin duka, har da kuskurenki na rashin rubutawa, ki gaya mata matakin da za ki ɗauka, kada ki tilasta mata komawa waƙa sai ta ga dama. In kun je wurin gwauruwar, ki sake rubuto mini abin da ta ce.

Mamarki cikin Ubangiji.